Sabon Babur: A Kai Shi Wurin Dila Ko A Duba Shi A Gida?

Tun bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a shekarar 2023, kuɗin kayan gyaran babur ya tashi ƙwarai, har wasu masu sabon babur roba-roba suna ganin zuwa wurin dila asara ce.

Amma abin lura shi ne garanti. Galibin kamfanoni suna sharɗanta a yi juyen farko a wurin wakilinsu, tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, domin a lokacin ne sabon inji yake zubar da ɓarɓashin ƙarfe cikin baƙin mai. Wanda ya saɓa wannan sharaɗi, in inji ya buga, gyara daga aljihunsa zai fito.

Duk da haka, akwai ayyukan da ba su bukatar makaniki: duba baƙin mai, iskar taya, birki da fitilu, da kuma tsabtace matatar iska, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Saboda haka, muddin garanti bai ƙare ba, a bar wa dila aikin inji, a kuma adana rasidi. Hausawa sun ce, araha ba ta ado.