Jitar Koo Nimo da Tambayar da Iyayen Zango ke Yi

Duk wanda ya daɗe yana kasuwanci a Kumasi ya san sunan Koo Nimo, ko da bai taɓa zama ya saurare shi ba. Sunansa na baftisma Daniel Amponsah, an haife shi a 1934 a ƙauyen Foase. Shi ne dattijon da ya ɗauki jita, kayan kiɗan Turawa, ya sa ta magana da harshen Tonawa.

Salon nasa ya samo asali daga matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, masu kaɗa tsirkiya da babban yatsa da manuni kawai. Ana kiransa kiɗan bammi, domin a mashayar bammi ya fara yaɗuwa. Sunan kaɗai ya isa ya sa mu mutanen Zango mu ja baya. Amma Koo Nimo ya fito da shi daga can. A 1957 ya kafa ƙungiyarsa, ya haɗa jita da gangunan gargajiya, ya ƙara da abin da kunnensa ya ɗauko daga kiɗan jaz na Baƙaƙen Amurka, irin na Wes Montgomery, wanda shi ma da babban yatsa yake kaɗawa.

Na taɓa kallonsa a cibiyar al'adu ta Kumasi, nan kusa da Kejetia. Yana zaune, ya yafa zane irin na dattawan Asante, ba tsalle, ba ihu. Sai ya fara ba da labari, sannan jitar ta karɓa. A gefensa ana matsa donno, wato kalangunmu sak. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan kallo. In ya saki tsirkiya ta yi yawo nesa da amshi, sai wuri ya yi tsit, kowa na jiran ta inda zai dawo. Da ya dawo daidai kan bugun ganga, sai ka ji tafi ya ɓarke, tsofaffin mata suna amsawa. Ni da Twi ɗina na ciniki ne, rabin karin maganar ya wuce ni, amma na tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: tsirkiya ɗaya, wa'azi buhu-buhu.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Iyaye da yawa a Sabon Zango da Aboabo suna kuka, wai yaro ya rungumi jita ya bar shago. Sai a duba rayuwar wannan bawan Allah. Shekara da shekaru yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar KNUST, kiɗa bai hana shi neman halaliyarsa ba. A 1979 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar mawaƙan Ghana, daga baya ya koyar a jami'a a Seattle ta Amurka.

Shawarata, Alhaji da Hajiya, kafin ku fasa jitar nan ku tambayi yaron abu biyu: me yake faɗi da ita, kuma wace sana'a ya riƙe a ɗaya hannun? In ya amsa da kyau, ku nemo masa mai gurmi ko mai kukuma ya zauna da shi, ya koyi yadda jitarsa za ta yi Hausa.