Siffar Hantsar Akuya da Yawan Madararta

Masu kiwo da yawa in sun je kasuwa sayen akuya saboda tatsa, girman hantsa kaɗai suke dubawa. Suna da ɗan gaskiya, domin binciken masana ya nuna akuya mai faɗin hantsa takan fi ba da madara. Amma girma iri biyu ne, wanda kuwa bai san bambancinsu ba yakan yi hasarar kuɗinsa.

Hantsar akuya ɓangare 2 ce, kowane da kan nononsa. A cikinta akwai tsokar da ke sarrafa jini ya zama madara, da kuma wani rami kamar jaka inda madarar ke taruwa. Wajen akuya wannan jaka takan riƙe kimanin kashi 70 cikin 100 na madarar kafin a tatsa, alhali ta saniya ba ta riƙe ko rabi. Saboda haka hantsa tagari takan cika tam, sa'an nan in an tatse ta motse, ta yi laushi kamar zabirar da aka juye. Wadda ta tsaya da girmanta bayan tatsa, kitse ne da nama suka cika ta. Irin wannan ado ne kawai.

Sai a lura, waɗansu masu sayarwa sukan raba akuya da 'ya'yanta tun daren jajiberin kasuwa don hantsa ta kumbura. Ya kamata mai saye ya nemi a tatsa a gabansa, ya kuma shafa da hannunsa. In ya ji ƙullutu, ko zafi, ko ya ga ɓangare ɗaya ya ƙanƙance, alama ce ta ciwon hantsa, ɓangaren da ya mutu kuwa da wuya ya komo.

Abu na biyu shi ne yadda hantsar ta manne da jiki. Wata jijiya mai ƙarfi ce ke ɗauke da ita ta tsakiya. In ta saki, hantsa takan zubo ƙasa da gwiwar ƙafar baya. Irin wannan akuya tana iya ba da madara mai yawa shekara ɗaya ko biyu, amma ƙaya da ƙazanta ba sa barinta, 'ya'yanta kuma sukan sha wuyar kama nono. Kan nono ya zama madaidaici, mai duban ƙasa, wanda hannu zai riƙe.

Kada a gwada jar akuyar Sakkwato, wadda ba safai take wuce lita 1 a yini ba, da Saanen ta ƙasar Suwizalan mai ba da wajen lita 3. A gwada akuya da 'yan'uwanta na iri ɗaya, masu haihuwa daidai da tata, gama hantsa tana ƙara girma har haihuwa ta 3 ko ta 4. Siffar hantsa kuma gado ce, har ta wajen uba. Wanda zai zaɓi bunsuru na barbara, sai ya fara duban hantsar uwar bunsurun.