Allon Tangaɗi da Wasan Langa: Daga Ina Ƙarfin Mai Bugu Yake Tasowa?

Tun ranar da tawagar Nijeriya ta komo daga gasar Olamfik ta birnin Faris a watan Agusta na 2024 hannu rabbana, babu zinariya babu azurfa balle tagulla, har zuwa watan Oktoba na shekarar da Gwamnatin Tarayya ta rushe Ma'aikatar Wasanni ta mai da al'amarin hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa, magana guda ce ta rinjayi bakin masu sharhi a rediyo da jaridu, wai rashin kayan horo na zamani shi ne ya kayar da mu. Da aka tuna kuma cewa wasan besbol zai koma cikin gasar da za a yi a Los Anjalis a 2028, alhali golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, tun 2016 ya koma bayan ya yi shekara 112 a waje, sai zancen ya ƙara armashi, har ya zama duk saurayin da ya nemi labarin wasannin nan biyu a wayarsa ba ya rasa cin karo da tallan wasu alluna masu tangaɗi da katifun roba masu lotsawa, waɗanda ake cewa in mutum ya lazimci hawansu, bugunsa zai yi ƙarfi, ƙwallonsa ta yi nisa. Mas'alar tana bukatar a warware ta a tsanake, domin an cakuɗa gaskiya da abin da ya yi kama da ita.

Kada mai karatu na Suleja ya ce ina ruwansa da wasan attajirai da na Amurkawa. Filin golf na IBB mai rami 18, wanda aka buɗe a Abuja a 1991, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ce daga ƙofar fadar Sarkin Zazzau na Suleja in hanya ta yi kyau, kuma sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan 'ya'yan talakawa ne da suka fara da ɗaukar wa manya jakar sanduna. Besbol kuwa an buga shi a Abuja a gasar wasannin Afirka ta 2003, inda Nijeriya ta zo ta biyu bayan Afirka ta Kudu. Saboda haka ƙofa ce wadda ɗan Kwamba ko ɗan Madalla yake iya shiga, in an shirya shi.

Asalin al'amarin a taƙaice shi ne, ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa. Mai bugu yana danna ƙasa da tafin ƙafarsa, ƙarfin ya hau ta cinya zuwa ƙugu, ƙugu ya juya ya ja ƙirji, ƙirji ya ja hannuwa, sa'an nan hannuwa su miƙa wa sanda abin da aka tara musu. Idan kuwa tsayuwa ta gurɓace a farko, duk abin da ya biyo baya ya tashi a banza. Lokacin kuma ƙanƙane ne ƙwarai: mai jifa a besbol yana tsaye ne a nisan mita 18.44 daga mai bugu, ƙwallon da ya sako da gudun kilomita 150 a sa'a ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso, kan sandar ƙwararren ɗan golf kuwa yana haura kilomita 180 a sa'a lokacin da ya sadu da ƙwallo. Abubuwa uku Allah ya hore wa ɗan Adam don ya tsaya daidai a irin wannan hali, su ne gani, da wasu 'yan kwararo masu ruwa da ke can cikin kunne, da kuma jijiyoyin gaɓoɓi da tsoka masu sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take ko da ido yana rufe.

To, mene ne amfanin allunan? Adalci ya wajabta a faɗi alherinsu tukuna. A 1965 wani likitan ƙashi na Ingila mai suna Michael Freeman ya bayyana cewa wanda ya yi targaɗe a idon sawu yakan yi ta maimaita shi ne saboda jijiyoyin da ke ba da labarin gaɓar sun raunana, ya kuma nuna cewa tsayuwa a kan allo mai karkacewa tana farfaɗo da su; tun daga nan masu gashin ƙashi a asibitoci suka riƙe shi, kuma tajriba ta tabbatar yana rage komowar targaɗe. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da BOSU, wato rabin ƙwallon roba mai faffaɗan gindi, wanda ya cika gidajen motsa jiki na duniya. Akwai kuma faranti mai ma'auni da ake haɗawa da kwamfuta, wanda ba ya tangaɗi ko kaɗan, aikinsa kawai ya nuna wa mai horarwa ƙafar da nauyi ya koma kanta a kowane mataki na bugun, wannan kuwa yana da fa'ida ga wanda ya riga ya ƙware yake neman gyaran ɗan abin da ya saura.

Amma da'awar cewa kaɗa sanda a kan abin da ke tangaɗi yana ƙara ƙarfin bugu, hujjarta mai rauni ce. Farfesa David Behm na Jami'ar Memorial da ke Kanada, shi da abokan aikinsa, sun daɗe suna auna wannan, abin da suka tattara kuwa shi ne ƙarfin da tsoka ke fitarwa yana raguwa da abin da ya kusa sulusi idan mutum yana kan abin da bai tabbata ba, domin jiki yana shagala da tsare kansa daga faɗuwa. Duk wanda ya taɓa faskare ya san haka ba tare da an karanta masa ba, gama mai gatari ba ya sakin hannunsa da iyakar ƙarfinsa in yana tsaye a kan santsi. Bugu da ƙari, masu bincike sun lura cewa jiki yakan ƙware ne a kan ainihin abin da aka saba masa, har mai hawan allo ya gwanance a hawan allo, alhali filin golf da na besbol ƙasa ce tabbatacciya. Hukuncin allon, in za mu ari lafazin malaman fiƙihu, mustahabbi ne ga mai jinya da mai ɗumama jiki, bai kai matsayin sharaɗi ba, balle a ce rashinsa ne ya hana mu lambar yabo.

Akwai wani tarihi da masu talla ba sa kawowa, wanda ya kamata kowane ɗan Afirka ta Yamma ya sani. An ruwaito cewa wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke mai suna Stanley Washburn, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yara a ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957, suna ɗora katako a kan gungume suna hawa suna rangaji ba su faɗi ba. Da ya koma gida sai ya sassaƙa irinsa, ya nemi rajistar mallakarsa a 1953, ya sa masa suna Bongo Board, ya shiga sayarwa. Wato abin da yaranmu suka ƙaga da hannunsu don nishaɗi, shi ne aka shafa wa fenti ake komo mana da shi a kan farashin dala, mu kuma muna kukan ba mu da shi.

Mu Hausawa ma muna da abin da ya fi wannan nisa, shi ne langa, kuma ina ganin babu wani horo na daidaituwar jiki da aka ƙaga a ko'ina wanda ya tara abin da ta tara. A dubi yadda take: yaro ya kama ƙafarsa guda ta baya da hannu, ya tsaya a kan ɗayar, ya yi ta tsalle a kanta yana kai hari yana kaucewa, abokin hamayya na neman ya ture shi, shi kuma yana neman ya ture wancan, wanda duk ya saki ƙafa ko ya faɗi an kashe shi, a can gefe kuma ga yaron da ake kira ruwa yana laluben hanyar da zai kutsa ya je ya sha, 'yan ɓangarensa suna kare shi. A cikin wannan akwai ƙarfin idon sawu da gwiwa da ƙugu, akwai juya gangar jiki a kan ƙafa guda, wanda shi ne ainihin abin da mai bugun golf yake yi sa'ad da nauyinsa ya koma ƙafar gaba, akwai kuma karɓar turi wanda ba a san ta inda zai zo ba, abin da allo ba zai taɓa koyarwa ba tun da shi ba ya da niyya kuma ba ya yaudara. Duk wannan a kan ƙasa tabbatacciya ake yinsa, da farin wata, inda ido ba ya gani sosai, sai jijiyoyin ƙafa su ɗauki nauyin aikin. Ga dambe kuma, wanda duk ɗan kallo ya san cewa kafa ƙafa da murɗa ƙugu su ne ke sa hannun da aka naɗe ya yi kisa; ga kokawa, wadda gaba ɗayanta ilmin tsare tsayuwarka ne da ɓata ta abokin karawarka. Hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa ta san da waɗannan uku, tana kai su bikin wasanni na ƙasa, amma sanin hukuma bai sauko zuwa filin firamare ba.

Magabatanmu ba su ɗauki irin wannan a matsayin lagawu ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malaman zaurukan ƙasar Zazzau suka gaji karantarwa, an buɗe babin tsere dab da babin jihadi, masu sharhi kuma suka halatta gudu da kokawa da makamantansu matuƙar babu caca kuma niyyar ƙarfafa jiki ce. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, littafi sukutum ya wallafa a kan sukuwa da harbi da tsere. Mutanen da suka biyo Sarki Muhammadu Makau daga Zariya, waɗanda suka kafa wannan gari na Suleja tare da Abu Ja a 1828 suka kuma tsare shi a tsakanin duwatsu shekara da shekaru ba a ci su da yaƙi ba, jikinsu a dandali da gona da hawan tsauni ya ginu.

In ana son shaida daga duniyar besbol kanta, a dubi Jamhuriyar Dominika, ƙaramar ƙasa wadda ta fi kowace ƙasar waje yawan 'yan wasa a babbar gasar Amurka. Yaranta a titi suke tasowa da wani wasa da suke kira bitiya, inda sandar tsintsiya ce kulki, murfin gorar ruwa kuma shi ne ƙwallo, kuma manyan 'yan wasansu da yawa sun shaida cewa a nan idonsu da tsayuwarsu suka kaifafa. Kayan zamani daga baya suke zuwa, su tarar da ginin ya riga ya tsaya.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali a Suleja shi ne fili. Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, aka yanki ƙasa mai yawa daga wannan masarauta, garin ya bar wa sabon birni sunansa, jama'a suke ta kwararowa, ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda rusau ya koro, har gidaje suka haye gangaren duwatsu suka matse bakin kogin Iku. Dandalin da ake langa a unguwa ya zama shago ko gidan haya, filayen makarantu kuma ana ta gutsurarsu da sunan ƙarin azuzuwa, darasin motsa jiki ya zama suna a jadawali. Yaron da ya tashi daga ɗaki zuwa bayan babur, daga bayan babur zuwa benci, daga benci zuwa waya, ko an saya masa alluna goma yana da shekara ashirin ba za su biya masa bashin ƙuruciyarsa ba. Wannan shi ne talaucin da ya same mu, kuma mu muka jawo shi da hannunmu.

Lamarin bai tsaya ga masu neman lambar yabo ba. A 2022 wasu likitoci ƙarƙashin Dokta Claudio Gil Araujo na Birazil suka buga sakamakon bibiyar mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75, inda suka tarar cewa kusan ɗaya cikin biyar ba ya iya tsayuwa da ƙafa guda na daƙiƙa 10, kuma mace-mace sun fi yawa ƙwarai a cikin waɗanda suka kasa. Ajali na hannun Allah, amma riƙo da sababi umarni ne, kuma dattijon da zai dafa bango bayan sallar asuba ya gwada wannan tsayuwa kullum bai kashe ko kwabo ba.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta Jihar Neja, da hukumar ilmin firamare, da shugabannin Ƙaramar Hukumar Suleja, da kada su bari a ruɗe su da takardun kwangilar kayan waje alhali farilla tana zube. A kewaye filayen makarantun da suka saura, a hana taɓa su ko da taku guda. A mai da langa cikin darasin motsa jiki na kowane mako. A shirya gasarta tsakanin unguwanni, Bagama da Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki da Wambai da sauransu, a kuma gayyaci masu horar da golf da besbol na Abuja su zo su zaɓi yaran da ƙafarsu ta kafu. Allon tangaɗi kuwa, in asibiti ko ƙungiya tana bukatarsa, kafintocin garin nan za su sassaƙa shi da ragowar katako. Marigayi Sarki Sulaimanu Barau malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina kafin ya hau gado a 1944, kuma fadar da ya bari ita ta fi cancanta ta sa kofin farko. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya kama ƙafa yana tsalle a ƙofar gida bayan ya gama karatunsa, ku ƙyale shi ya yi.