Kibiya na rawa a allon kwamfuta: abin da ya kamata a duba kafin a sayi sabon linzami

Masu ɗakunan wasannin bidiyo, masu siber da masu aikin zane da kwamfuta a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun san wannan matsala. Hannu yana tsaye amma kibiyar da ke kan allo tana karkarwa, ko kuma a ɗan motsa linzami kaɗan sai ta tsallake zuwa wani gefe. Linzamin kwamfuta, wanda da yawa ke kira da sunansa na faransanci wato suri, shi ake fara ɗora wa laifi, sai a jefar da shi a nemi wani. Amma sau da yawa linzamin lafiyarsa lau. Laifin na ƙura ne, ko na shimfiɗar da yake tafiya a kanta, ko na saitin da aka yi masa. Wannan ya fi faruwa da linzamin wasa mai aiki da hasken leza, wanda kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Yadda idon linzami ke gani

A ƙarƙashin linzami akwai ɗan rami, a cikinsa kuma akwai fitila da wata ƙaramar kamara. Fitilar tana haska tebur, kamarar tana ɗaukar hotuna dubbai a daƙiƙa guda. Wani ɗan guntun lantarki yana kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi, daga nan yake gane inda hannu ya nufa da nisan da ya yi. Da wannan lissafi kwamfuta ke tura kibiya.

Fitilar iri biyu ce. Akwai ta LED, wadda a linzamai masu araha ake ganin jan haskenta, akwai kuma ta leza wadda ido ba ya ganin haskenta. Kamfanin Logitech ne ya yaɗa linzamin leza a kasuwa da samfurinsa MX1000 a shekarar 2004. Amfanin leza shi ne tana fito da ƙananan alamomi ko a kan tebur mai santsi inda LED ke rikicewa. Nan kuma rauninta yake: a kan tapi na yadi, leza tana ganin zare da gashin yadin har ciki, sai bayanan su yi wa linzamin yawa. Sakamakon shi ne karkarwa idan ana tafiya a hankali, da kuma rashin daidaito tsakanin jan hannu da sauri da jansa sannu. An san idanun leza na Avago masu lamba ADNS-9500 da ADNS-9800 da wannan hali. Shi ya sa mafi yawan linzaman wasa na yanzu suka koma ga LED, da idanu irin su PMW3360 na kamfanin PixArt na ƙasar Taiwan.

A fara da ƙura

Ramin idon linzami ƙarami ne ƙwarai, silin gashi ɗaya ko ɗigon rairayi ya isa ya rikita shi. A lokacin hunturu, da iska ke cika ɗakuna da ƙura, wannan shi ne abu na farko da ya kamata a zarga. A cire linzamin daga kwamfuta, a kifar da shi, a hura ramin da ɗan famfon iska. Idan akwai datti da ya manne, a sa tsinken goge kunne da aka ɗan jiƙa da alkol na farmasi, a goge a hankali, a bari ya bushe. Kada a sa allura ko tsinken ashana, domin idan gilashin ya karce babu gyara. Kada kuma a leƙa ramin ido da ido alhali linzamin yana kunne.

Wasu tsofaffin linzaman Razer, irin su Lachesis da Mamba na farko, suna ɗauke da idon leza na Philips da ake kira Twin-Eye. Wannan ya fi kowanne ƙin ƙura, kuma kibiyarsa takan zame idan an ɗaga linzamin an sake ajiyewa. Wanda ya sayi irinsu a kayan gwanjo ya sani halinsu ne tun daga masana'anta.

A duba ƙafafun linzamin ma, wato ƴan robobin nan masu santsi da ke ƙasansa. Idan sun cinye ko ɗaya ya ɓalle, tazarar da ke tsakanin ido da tebur ta sauya, gani kuma ya lalace.

Shimfiɗa

Gilashi, madubi, tebur mai sheƙi da ledar da ake lulluɓe tebur da ita duk suna ruɗa linzami. Ƙalilan ne aka ƙera don gilashi, kamar masu fasahar Darkfield ta Logitech. Linzamin leza ya fi son tapi mai tauri, na roba ko na ƙarfe, marar sheƙi. Gwajin ba ya cin ko dala: a shimfiɗa farar takarda a kan tebur, a ja linzamin a kanta. Idan karkarwar ta tsaya, to tapin ne ke da laifi. Tapi na yadi da ya sha gumi da ƙura ana iya wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya shi a inuwa har ya bushe sarai.

Yawan DPI ba shi ne kyau ba

A jikin kwalin linzamin wasa akan rubuta lambobi manya: 3200, 8200, 12000 DPI. Ma'anar DPI ita ce yawan ɗigon da kibiya ke ci a kan allo idan hannu ya yi tafiyar inci ɗaya, wato santimita 2 da rabi da ƴan kai. Allon da aka fi samu yau yana da ɗigo 1920 a faɗinsa. Idan linzami yana kan 800, sai hannu ya yi kimanin santimita 6 kafin kibiya ta ƙetare allon. Idan yana kan 8000, milimita 6 kacal ya isa. A wannan matsayi ko rawar yatsa ko girgizar tebur sai ta bayyana, kuma duk ɗan kuskuren da idon ya yi sai ya ninka.

Ƙwararrun ƴan wasa da yawa a wasanni irin su Counter-Strike da Valorant suna tsayawa ne a 400, 800 ko 1600. Galibin linzaman wasa suna da ɗan maɓalli kusa da tayar tsakiya wanda ke sauya DPI, kuma sau da yawa yatsa ne ke taɓa shi ba da niyya ba, musamman a ɗakin wasa inda hannaye ke yawa. A sani kuma cewa linzamai masu araha sukan kai ga manyan lambobinsu ta hanyar ninka lissafi kawai, idon bai ƙara gani ba. A irinsu, matakin ƙasa ya fi tsabta.

Saitin Windows

A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta main.cpl, a shiga. A kwamfutar da ke da faransanci, a buɗe shafin Options du pointeur. Ma'aunin saurin kibiya yana da matakai 11, kuma na 6, wato na tsakiya, shi ne wanda kwamfuta ba ta ƙari ba ta ragi. Idan an wuce shi, kibiya takan riƙa tsallake ɗigo. A ƙarƙashinsa akwai akwatin Améliorer la précision du pointeur. Sunan yana da daɗi, amma aikinsa shi ne sauya nisan kibiya gwargwadon saurin hannu. Ga mai aikin ofis babu laifi, amma ga ɗan wasa yana hana hannu sabawa, don haka a cire alamar.

Sai kuma yawan saƙon da linzami ke aika wa kwamfuta. A 125 Hz yana aikawa sau 125 a daƙiƙa, a 1000 Hz sau dubu. Tsohuwar kwamfuta takan yi sarƙe da 1000, sai a rage zuwa 500 a cikin manhajar kamfanin, kamar G HUB ta Logitech ko Synapse ta Razer. A cikin waɗannan manhajoji wasu samfura suna da wurin auna shimfiɗa, wanda ke daidaita idon da tapin da ake amfani da shi.

Waya, kle da pil

Linzami mai waya a sa shi kai tsaye a jikin kwamfuta, a bar akwatin rarraba USB. A lanƙwasa wayar a hankali kusa da kan linzamin ana kallon allo. Idan kibiya ta tsaya ko ta yi tsalle, wayar ta karye daga ciki.

Marar waya kuwa yana magana da ɗan klensa a zangon 2,4 GHz, zangon da Wi-Fi da Bluetooth ma ke amfani da shi. Kamfanin Intel ya bayyana tun 2012 cewa kafofin USB 3.0, waɗanda galibi ake ganewa da shuɗin launi, suna fitar da hayaniya a wannan zango. Saboda haka kada a jera klen kusa da wata na'urar ajiya da ke aiki a kafar USB 3.0. A mayar da shi kafar USB 2.0, ko a jawo shi kusa da linzamin da wayar ƙari. Pil da ya yi rauni shi ma yana kawo yankewa.

Idan duk an gwada

Akwai lokacin da kwamfutar ce ke da laifi. A watannin Afrilu da Mayu, idan fankarta ta toshe da ƙura, takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, hoton wasa ya riƙa tsinkewa, mutum ya ɗauka linzami ne. Alamar ita ce kibiya tana tafiya lafiya a wajen wasa, sai an shiga wasa take sarƙewa. A kwamfutar hannu kuma, tafin hannu yakan taɓa faifan taɓawa ba a sani ba, sai a kashe shi idan an sa linzami.

Gwaji na ƙarshe shi ke raba gardama: a kai linzamin wata kwamfuta, a kuma kawo wani linzami a wannan. Idan karkarwar ta bi linzamin bayan an goge shi, an sauya masa shimfiɗa, an rage DPI, to idonsa ya mutu, sayen sabo ya zama dole. A wurin saye kada a bi girman lambar da ke kan kwali. A nemi mai shago ya sa shi a kwamfuta, a buɗe manhajar Paint, a ja layi a karkace sannu a hankali, sannan a zana da'ira. Idan layin ya fito da haƙora kamar zarto, a ajiye shi a nemi wani.