Idan Injin Jirgin Ruwa Ya Yi Kuka, Kada A Yanke Masa Waya

Mota idan ta mutu a hanya, direba zai gangara gefen titi, ya sa wa taya dutse, ya jira bakanike. Jirgin ruwa ba shi da gefen titi. Kwale-kwalen da ke jigila a Yawuri, Wara, Malale, Lakwaja, Ibi ko Baga, da injin da ke maƙale a bayansa yake tafiya, da shi kuma yake juyawa, domin matuƙi injin yake karkatarwa dama ko hagu. Da zarar ya mutu a tsakiyar kogi, gudu ya tafi, tuƙi ma ya tafi, sai igiyar ruwa ta juya jirgin a karkace, ga mutane, ga buhunan hatsi, ga babura a ciki. Shi ya sa lafiyar wannan inji ta wuce sha'anin mai jirgi da aljihunsa, ta shafi duk wanda ya sa ƙafa a ciki.

A shekarar 1909 ne Ole Evinrude, haifaffen Norway mazaunin Milwaukee a Amurka, ya fito da irin wannan inji da ya samu karɓuwa a kasuwa. Daga baya Japan ta shigo, Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, har ta kai yau injinan Japan ne suka cika kogunanmu. Shi kuwa inji mai sunan Evinrude an daina ƙera shi tun 2020, abin da ya kamata mai shirin sayen tsohon inji ya sani kafin ya biya, domin kayan gyaransa ƙara wuya za su yi ta yi.

Injinan iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yake shan mai ta kafireta, ake tada shi da igiya, kamar jerin Enduro na Yamaha. Wannan shi ne abokin masunci da mai fito. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke cikin kaskonsa daban, kuma sababbin cikinsu na da 'yar kwamfuta da ke auna zafi, mai da wuta, ta kuma yi gargaɗi da ƙararrawa, fitila ko lamba. Na farko yana nuna ciwonsa ta sauti, hayaƙi da ɗumi. Na biyu yana faɗa a fili. Matsalar ita ce, sau da yawa ba a sauraron ko ɗaya.

Zafi, babban mai kashe inji

Injin jirgi ba shi da lagireto. Da ruwan kogin yake sanyaya kansa. A ƙasan ƙafarsa, kusa da farfela, akwai 'yan ramuka masu raga da ruwa ke shiga. Wata 'yar fanka ta roba mai fukafukai, wadda makanikai ke kira imfela, ita ke tura ruwan sama ya zagaye kan inji ya fito. Shaidar tana aiki ita ce siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga bayan murfi. Matuƙin kirki, da ya ja igiya, can idonsa ke fara zuwa.

A injinan Yamaha masu tsarin gargaɗi, idan zafi ya wuce kima sai ƙararrawa ta kama, inji kuma ya rage gudun kansa zuwa wajen juyi 2,000 a minti. Mercury ma na da irin wannan tsari da suke kira Guardian. Raguwar gudun ba lalacewa ba ce, injin ne ke kare kansa daga narkewa. A nan ne wasu ke tafka kuskuren da ya fi kowane tsada: ƙarar ta dame su, sai a nemo wayar a cire. Ƙara ta daina, zafi bai daina ba. Bayan ɗan lokaci fistin ya kumbura ya kama bango, inji ya buga, gyaran da imfela ɗaya za ta gama ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Abin yi a bayyane yake. A rage wuta, a dubi tsartuwar ruwan, a cire giya, a kashe, a ɗaga ƙafar injin. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ko ciyawa ta toshe ragar. Wani lokaci kuma ramin fitar ruwan ne ya cushe da yashi, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da injin ke ajiye. Ɗan guntun zaren fatsa mai kauri ya isa buɗe shi. Idan an sake tayarwa ruwa bai fito ba, tafiya ta ƙare, sai filafili ko a nemi ja. Imfela ba ta jure juyawa a bushe ko na ɗan lokaci kaɗan, don haka al'adar gwada inji a tudu ba ruwa tana cinye ta tun kafin a shiga kogi. Da rani kuma, lokacin da ruwa ya janye ake bi ta kan rairayi, yashi ke goge ta. Akwai wata 'yar ƙofa, tamostat, da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama. Idan ta maƙale a rufe tana kawo zafi ko da ruwa na tsartuwa. Maganinta a canza ta. Jefar da ita da wasu ke yi yana barin inji cikin sanyi kullum, ya riƙa shan mai, fulogi na baƙi.

Lamba unguwa take nunawa, ba gida ba

A sababbin injina, bakanike na haɗa fitilar gwaji ko kwamfuta ya karanta abin da injin ya adana. A tsarin Yamaha, ƙiftawa ɗaya, a ɗan tsaya, sannan ƙiftawa biyar, ita ce lamba 15, wato layin na'urar auna zafin inji. Lamba 19 ƙarfin batir ce, 27 ruwa a cikin mai, 44 kuma makunnin igiyar tsaro da matuƙi ke ɗaurawa a hannu. Kowane kamfani da nasa lambobin, don haka 15 ta Yamaha ba ita ce 15 ta Suzuki ko Honda ba, kuma littafin injin ne alƙali.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, lambar tana nuna layin da aka ga saɓani, ba ta ce na'urar ta mutu ba. Lamba 15 na iya zama wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ko soket ɗin da ya yi koren tsatsa saboda danshi. Lamba 19 kan tashi saboda kan batir ya yi sako-sako. Lamba 44 kuwa wataƙila maƙalin igiyar ne kawai ya zame. Wanda ya ji lamba ya ruga kasuwa zai iya sayen na'ura mai tsada, ya ɗaura, ƙarar ta dawo. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: a duba waya, a goge soket, a auna batir. Wani gargaɗin ma tuni ne kawai; injinan Suzuki masu bugu huɗu na ƙifta fitila bayan awa 20 na farko, sannan duk bayan awa 100, don a canza baƙin mai. Amma gargaɗin faɗuwar ƙarfin baƙin mai a kan tafiya ba ya jira, kashewa ake yi nan take.

Mai da abin da ke cikinsa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma a ƙauyukan bakin ruwa galibi daga jarkar 'yan bumburutu ake sha. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa. Gwajinsa ba wuya: a zuba kaɗan a kwalba mai haske, a ajiye ta 'yan mintuna, za a ga ruwan ya ware a ƙasa. A matatar man wasu injinan Yamaha akwai jan zobe da ke tasowa idan ruwa ya taru.

Ga mai bugu biyu, yawanci ma'aunin shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tankin lita 25, sai dai idan littafin injin ya faɗi wani abu dabam. Man da ya dace shi ne mai alamar TC-W3. Baƙin man mota yana barin toka da ke liƙe zoben fistin. Fulogi na ba da labarin duka: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai maiƙo gauraye ya yi yawa, fari fat kuma inji na yunwar mai yana ƙonewa. Man giyar ƙafa ma a riƙa leƙa shi. Idan ya fito fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren taru ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare shi.

A kasuwar kayan gyara

A jikin maƙalin da ke riƙe inji da jirgi akwai ɗan faranti mai ɗauke da samfuri da lambar injin. Da shi ake zuwa kasuwa, a rubuce ko a hoton waya. “Ba ni na doki arba'in” ba ya wadatarwa, domin injina biyu masu ƙarfi ɗaya na iya bambanta a imfela, a gasket, har a tsawon ƙafa. Kayan kuma hawa-hawa ne: na asali, na wasu kamfanonin da suka sa sunansu a fili, na kwance, sai jabu da ke sanye da kwalin na asali. Na ƙarshen nan ne mugu, domin kuɗin gaskiya ake biya a karɓi ƙarya. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa ba ta tsira.

Murfi, hannun tuƙi ko farfelar da ba ta lanƙwashe ba, ana iya sayen na kwance. Imfela, gasket, tiyo, fulogi da robobin tare mai, sababbi ake sawa, domin roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Idan tsohuwar imfela ta fito da karyayyen fiffike, sai an nemo guntun, in ba haka ba zai toshe hanyar ruwa a ciki. A ƙananan injina akwai ɗan fil da aka yi shi don ya karye idan farfela ta daki kututture, ya ceci giya. Wanda ya maye gurbinsa da ƙarfen da ya fi shi tauri ya mayar da karayar cikin giya. Farfela ma akwai ta gudu, akwai ta lodi, kuma lambarta na jikinta.

Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021 ba, ko na Patigi a watan Yunin 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu. Abubuwan da hukumomi suka fi ambatawa a irin waɗannan masifu su ne lodi fiye da kima, tafiyar dare, kututture da rashin rigar kariya. Lafiyar inji ta cancanci shiga wannan jeri. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, ƙungiyoyin matuƙa da sarakunan ruwa na da ikon hana jirgi barin gaɓa idan injinsa ba ya tsartar da ruwa ko an cire masa ƙararrawa, kuma su tabbatar akwai fulogi, fil, igiya da filafili a ciki. Horar da makanikan bakin ruwa kan karanta lambobi ba zai ci kuɗin da ya kai na jirgi ɗaya ba. Fasinja ma na da bakin magana: wanda ya biya kuɗin fito yana da haƙƙin cewa a tsaya a duba.