Kyamara a ɗakin matuƙan jirgin sama: bincike da sirrin ma'aikaci

Manyan jiragen fasinja suna ɗauke da na'urori biyu da ake kira baƙin akwati. Ɗaya tana naɗar bayanan tafiya, kamar gudun jirgi da tsayinsa a sama da aikin injina; ɗayar tana naɗar muryoyin matuƙa da duk ƙarar da ke ɗakinsu. Babu wadda ke ɗaukar hoto, kuma a kan wannan giɓin aka shafe fiye da shekara ashirin ana jayayya.

Mutanen ƙasar Sakkwato sun san zafin haɗarin jirgi. A ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. A ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Maniyyacin da ya baro Danchadi ko Shagari zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III yana da haƙƙin a san ainihin abin da ke jawo irin wannan, domin a toshe shi.

Murya kaɗai ba ta nuna hannun da ya taɓa makunni. Bayan jirgin EgyptAir ya faɗa tekun Atlantika a 1999, masu binciken Amurka da na Masar sun saɓa kan ko mataimakin matuƙi ne ya jawo haɗarin ko matsalar na'ura ce. A 2000 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ba da shawarar a saka kyamara. Maganar ta sake tasowa bayan haɗarin Air India a Ahmedabad a Yunin 2025. Rahoton farko ya nuna an ji wani matuƙi yana tambayar ɗan'uwansa dalilin yanke mai, shi kuma ya ce bai yanke ba.

Ƙungiyoyin matuƙa, irin su ALPA ta Amurka, suna adawa. Suna tsoron kamfanoni su mai da kyamarar abin sa ido da ladabtar da ma'aikata, sannan bidiyon ƙarshen rayuwar mutum ya ɓulla a intanet, iyalinsa su gani. Wannan tsoro yana da tushe, don an taɓa fitar da muryoyin matuƙan da suka rasu a kafafen yaɗa labarai.

Sai dai ana iya magance shi. Za a iya saita kyamarar kan makunnai da hannaye, a bar fuskoki. Ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, sun riga sun hana bayyana abin da aka naɗa a ɗakin matuƙa don wata manufa da ba bincike ba. Abin da ya rage shi ne kowace ƙasa ta sa wannan a dokarta tare da hukunci mai tsanani. A Najeriya, hukumar NSIB ce ke binciken haɗurran jirage, kuma ita kaɗai ya kamata ta buɗe irin wannan bidiyo.