Zaɓen wurin taga a gini ta hanyar lissafin na'ura mai ƙwaƙwalwa

1. Matsala

Taga tana shigo da haske da iska, amma tana shigo da zafi. In an faɗaɗa ta ɗaki ya yi zafi, in an rage ta ya yi duhu. Neman matsakaici tsakanin waɗannan buƙatu shi ne abin da ake kira optimisation da Faransanci; a nan za mu kira shi "neman mafi dacewa".

2. Yadda lissafin yake

Mu ɗauki gini mai bango 4, kowane da taga guda. In kowace taga tana iya ɗaukar faɗi iri 10 da tsawo iri 10, tsarin da zai yiwu ya kai miliyan 100. Gwada su ɗaya ɗaya ba ya yiwuwa. Saboda haka ake bin dabarar da John Holland ya bayyana a 1975, mai kwaikwayon gadon halitta: na'ura ta gwada wasu tsare-tsare, ta riƙe nagari, ta gauraya su, ta sake gwadawa. A 2002 Caldas da Norford sun auna tagogin ofis da wannan dabara, bisa yanayin biranen Finiks da Shikago na Amurka.

3. Misalin Yamai

Amsar tana canzawa da wuri. Yamai tana wajen digiri 13,5 arewa da tsakiyar duniya. Da tsakar rana, ran 21 ga Disamba, rana tana kudu, digiri 53 bisa ƙasa; ran 21 ga Yuni tana arewa, digiri 80. Ke nan taga mai tsawon mita 1 tana buƙatar ƴar rumfa ta santimita 75 a bangon kudu, 18 kawai a bangon arewa. Tagar yamma kuwa rumfa ba ta kare ta, domin ranar la'asar a kaikaice take shigowa, lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi.

4. Kammalawa

Na'ura ba ta auna sai abin da aka ce ta auna. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, iskar damina daga kudu maso yamma. Sutura daga idon mai wucewa ita ma buƙata ce, wadda magina suka biya da ƙananan tagogi can sama. In ba a sa waɗannan cikin lissafi ba, za a samu taga mai kyau a takarda, wadda masu gida za su rufe da labule kullum.